Rayuwar Mahaƙi Tun Daga Bakin Rami: Shaidar Mai Horarwa

Sana'ata horar da mahaƙa ce, masu shiga ƙarƙashin ƙasa da masu aiki a buɗaɗɗen rami, kuma kafin in tsaya gaban allo na daɗe ina riƙe da injin huda dutse. Iyakar abin da zan faɗa a kaina ke nan. Shaidar da zan bayar a kan rayuwar mahaƙi ce, tun daga safiyar da aka miƙa masa hular kwano har zuwa shekarun da ƙirjinsa da kunnuwansa za su fara faɗin yadda ya yi aikin.

Abin da na tabbatar shi ne, a cikin rami jikin mutum yaudararsa yake yi. Hanci ya ce iska lafiya lau, ido ya ce rufi yana nan daram, zuciya ta ce diro ka ceci ɗan'uwanka, kuma duk ukun suna iya kai shi kabari a wuni guda. Horo na gaskiya shi ne wanda ya cire waɗannan ya dasa wata ɗabi'ar a hannu da ƙafa, ta yadda za ta fito da kanta lokacin da tsoro ya rufe tunani.

Sabon ma'aikaci ba ya shiga rami ranar da aka ɗauke shi. A Amurka, dokar ma'adinai ta 1977 ta wajabta awa 40 na horo ga wanda zai yi aiki a ƙarƙashin ƙasa, awa 24 ga na sarari, sai kuma awa 8 na tuni duk shekara. Ƙasashe sun bambanta a lissafin awoyin, amma Yarjejeniya ta 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1995, ta ɗora nauyin horon da na kayan kariya a kan mai ramin, ba tare da an cire ko sisi daga albashin ma'aikaci ba. Darasin farko kuwa ba shi da wuya: allon lamba. Kowa yana da 'yar lambar ƙarfe da zai rataya a ɓangaren "ciki" in zai shiga, ya mayar da ita "waje" in ya fito, da hannunsa. Sababbi suna raina wannan, su ba aboki ya rataya musu. Ranar da wuta ta tashi, wannan allon masu ceto za su duba. Lambar da aka manta a ciki tana tura mutum biyar ko shida cikin hayaƙi neman wanda yake gida yana barci, wanda kuma ya shiga bai rataya ba, babu mai nemansa.

Daga nan sai rufi, kuma nan nake daɗewa da su. Nakan tambaye su nauyin falalen dutse mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, kaurin santimita 10. Yawanci sukan ce mutum ɗaya zai ɗaga. Mita ɗaya ta kowace fuska ta dutse tana kai tan biyu da rabi ko fiye, saboda haka wannan ɗan dutsen ya kai kilo 250 ko fiye. Hular kwano an yi ta ne don tsakuwa da karo da bututu, ba ta da abin da za ta yi da kilo 250 da ya faɗo daga mita uku.

Duba rufi yana da tsari. Da farko a wanke shi da ruwa, don ƙurar nakiya tana cike tsaga ta ɓoye ta. Sai a tsaya a inda aka riga aka tokare, a ɗauki dogon sandan ƙarfe a buga. Dutse mai lafiya ƙara yake yi mai kaifi, sandan ya yi tsalle a hannu. Wanda ya rabu da na samansa kuwa amsawa yake kamar ganga, da wani irin "bum" mai rami a ciki. A sa bakin sandan a tsagar a ɓamɓaro shi, ana riƙe da sandan a karkace, kimanin digiri 45, kuma a gefen jiki, don in dutsen ya biyo sandan kada ya sauka a ƙirji ko hannu. Kafin a fara, a waiwaya a tabbatar hanyar ja da baya babu tiyo, babu tarkace, babu mutum. Ana tafiya ne daga wuri mai kyau zuwa mara kyau, taku bayan taku. Kuma a kashe injuna, don kunne yana cikin kayan aikin.

Akwai tarko a nan da ba kowane mai horarwa ke faɗa ba. Babban dutse, mai kaurin mita ko fiye, yana iya rabuwa daga sama amma ya ba da ƙara mai kyau, saboda nauyinsa ya fi ƙarfin bugun sanda. Shi ya sa ba a dogara da bugu kaɗai. A duba faifan ƙusoshin da ke riƙe da rufi ko sun lanƙwashe, ragar ƙarfe ko ta yi ciki, turakun katako ko sun fara tsagewa, ruwa ko ya ɓullo inda jiya babu. Tsakuwa ƙanana da ke zubowa ba dalili, tsofaffin mahaƙa suna cewa rami yana magana. In ya yi magana, fita ake yi, ba a tsayawa ɗaukar shebur. Dutsen da ya ƙi ɓamɓaruwa kuma ya ƙi ba da ƙara mai kyau, ko a tokare shi ko a killace wurin. Dokar da ba ta da togaciya ita ce ba a wuce ƙusar rufi ta ƙarshe, ko da guduma ce ta faɗa can gaba da taku ɗaya.

Iska ta fi rufi wuyar koyarwa, tunda babu abin nunawa. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 20.9 cikin 100. In ya sauka ƙasa da 19.5, wurin ba na aiki ba ne. Wajen kashi 16 numfashi ya fara sauri, tunani ya fara kwancewa, kuma mugun abin shi ne mutum ba ya gane cewa tunaninsa ya kwance. Ƙasa da kashi 10 suma ce. Tsohon rami da aka daɗe ba a shiga ba yana cinye oksijin ɗinsa da kansa, ta ruɓewar katako da tsatsar ƙarfe da wasu ma'adinai masu sha iska.

Kowace iska mai haɗari da inda take kwanciya. Metan ya fi iska sauƙi, yana taruwa a rufi da cikin ƙoƙon da dutse ya faɗo ya bari, kuma yana fashewa in ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15. Ba a jira ya kai can. A ramukan kwal na Amurka, da ya kai kashi 1 ake kashe wutar injuna a gyara iska, a kashi 1.5 a fitar da mutane. Kabon dayoksaid da haidurojin salfaid sun fi iska nauyi, suna sauka gindin rami da kwatamin tara ruwa. Ita haidurojin salfaid tana warin ruɓaɓɓen ƙwai in kaɗan ce, amma in ta kai kimanin kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jijiyar jin wari. Mutum ya ji wari, can ya daina ji, ya ce ta wuce, alhali ƙaruwa ta yi. Kabon monoksaid kuwa ba wari, ba launi, ba ɗanɗano, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Ciwon kai take fara kawowa, sai jiri, sai ƙafafu su ƙi ɗaukar mutum yana ji yana gani. A hatsarin ramin kwal na Soma da ke ƙasar Turkiyya a 2014, inda mutum 301 suka mutu, ita ce ta kashe mafi yawansu.

Saboda haka na'urar auna iska ake tambaya. Kafin kowane shiga a gwada ta da 'yar kwalbar gas ta gwaji, a ga ta yi kuka a inda ya kamata, don na'urar da ta kunnu ba lallai ne hancinta yana aiki ba. A auna sama, a auna tsakiya, a auna ƙasa. In rami ne mai gangarawa tsaye, a zura ta da igiya a hankali, ana tsayawa a kowane mataki. Masu ƙananan ramuka da yawa suna gwaji da kyandir ko fitilar aci-balbal. Harshen wuta yana mutuwa wajen kashi 16 na oksijin, wannan gaskiya ne, amma yana ci lafiya lau a cikin kabon monoksaid da ta isa kashe mutum, in kuwa metan ne a wurin, shi ne zai tayar da shi. Janareta ko injin jan ruwa mai fetur ba ya shiga rami, kuma ba a ajiye shi a bakin rami ta inda iska ke shiga.

Ga darasin da ya fi kowanne ɗaci. Mutum ya faɗi a gindin rami ba tare da wani abu ya buge shi ba. Na kusa da shi ya ce "Wane ya faɗi!" ya sauka. Shi ma ya faɗi. Na uku ya bi. Haka ake fitar da gawa uku ko huɗu daga ramin da ya kamata a ce mutum ɗaya ne ya samu matsala, kuma sau da yawa 'yan'uwa ne ko abokai, don su ne ba sa iya tsayawa. Ina gaya musu ƙarara: in mutum ya zube ba dalili, iskar wurin ce, kuma huhunka irin nasa ne. Riƙe numfashi ba ya aiki, ba wanda zai sauka tsani ya ɗauki ƙato ya hauro da numfashi ɗaya. A yi kururuwa, a tura iska da fanka da bututu, a auna, mai saukar ya shiga da na'urar numfashi da igiya a jikinsa, mutum biyu suna riƙe a sama. Wannan sai an yi ta maimaita shi da ɗan tsana mai nauyin mutum, kowa ya taɓa zama wanda aka hana sauka, don ya san yadda abin yake ci a rai tun kafin ranar.

Gwangwanin ceton kai da ke rataye a ɗamarar kowane mahaƙi iri biyu ne, kuma rashin sanin bambancinsu ya kashe mutane. Na farko tace iska yake yi kawai. Akwai sinadari a ciki da ke juya kabon monoksaid ta koma kabon dayoksaid, amma ba ya ba da oksijin, saboda haka in wuta ta cinye oksijin ɗin wurin ba shi da amfani. Juyawar tana haifar da zafi, kuma gwargwadon yawan gubar gwargwadon zafin, har yana ƙona leɓe. A gobarar ramin azurfa na Sanshain da ke jihar Aidaho a 1972, mutum 91 suka mutu. Da yawa ba a taɓa koya musu amfani da shi ba, wasu kuma da ya yi zafi suka tofar da shi. Zafin nan shaida ce cewa yana aiki, kuma iskar waje ta kai ta kisa. Na biyun yana samar da oksijin da kansa, na minti 30 ko 60, ba ruwansa da iskar waje.

Sa na biyun nan yana da jeri. A durƙusa, a ajiye hula a ƙasa fitilarta tana haska gwangwanin, a buɗe a rataya igiyar a wuya. Sai abu uku da ke raba huhu da hayaƙi: a kunna oksijin, a sa bakin robar a cije, a matse hanci da maƙalin. Bayan nan ne ake sa tabarau, a ɗaure igiyoyi, a mayar da hula. Masu kuskure sukan fara da tabarau saboda ido yana yaji, ko su manta maƙalin hanci gaba ɗaya. Iskar da ke fitowa tana da ɗumi da bushewa, numfashi yana nauyi, sai mutum ya ɗauka nasa ya lalace ya cire. Wani ya cire don ya yi magana. Ba a magana, da hannu ake nuni ko a rubuta. Ba a gudu kuma, don mai gudu yana ƙarar da na awa ɗaya tun lokaci bai yi ba, mai tafiya a natse yana cin lokacinsa cif, wanda ya zauna shiru yana jan sa fiye da haka nesa ba kusa ba.

Ban yarda an horar da mutum a kan wannan ba sai ya sa na gwaji da idonsa a rufe, sanye da safar hannu, ana buga ƙararrawa a kansa. Wanda ya kalli malami ya sa a gaban aji, ya sa hannu a takardar halarta, bai koyi kome ba. Hannu ma yana mantuwa cikin 'yan watanni, don haka tunin shekara-shekara ya yi nisa, kowane wata uku ya fi.

Hanyar tsira da ƙafa ake koyon ta. Kowane rami yana bukatar mafita biyu da ba su haɗu ba, kuma dole ma'aikaci ya taka ta biyun har waje. Mutum 33 da suka maƙale a ramin San Hose na ƙasar Chile a 2010, kimanin mita 700 a ƙasa, sun gwada fita ta ramin iska, suka tarar tsanin bai kai ba. Kwana 69 suka yi. A cikin hayaƙi fitilar goshi ba ta nuna ko tafin hannu, shi ya sa ake ja igiyar tsira a jikin bango da wasu 'yan mazugai a jere. In hannu yana zamewa a kansu sumul, waje aka nufa. In yana karo da faffaɗan gefen, ciki ake komawa. In hanya ta toshe, sai ɗakin mafaka, mai iskarsa da ruwansa, a rufe ƙofa a zauna. Wasu ramukan suna zuba sinadari mai ɗoyi a iskar da ke shiga don sanar da gobara, irin wanda ake sa wa gas ɗin girki. Nan kaɗai ne nake ce musu su yarda da hancinsu.

Nakiya aikin mai lasisi ne, amma kowa yana bukatar sanin abu huɗu ko biyar. Ba a ajiye ko ɗaukar kan nakiya tare da ita kanta nakiyar. In an ƙirga ƙara ba ta cika ba, ko ana zaton wata ba ta tashi ba, ana jira aƙalla minti 30 in da lagwani aka kunna, minti 15 in da lantarki ne, kuma mai nakiyar ne zai fara shiga. Ba a sa bakin injin huda a guntun tsohon rami don a samu sauƙin farawa, don ragowar nakiya tana iya kasancewa a gindinsa. A wanke shi, a yi masa alama da fenti, a huda nesa da shi. Haɗin takin amoniyam naitiret da man dizal yana da ma'auni, 94 da 6. Man ya yi yawa, kabon monoksaid ta ƙaru. Ya yi kaɗan ko ruwa ya jiƙa haɗin, sai hayaƙi ja-ja mai ruwan ƙasa ya fito. Wanda ya shaƙi wannan yana iya yin ɗan tari ya ce ya warke, ya tafi gida, cikin dare huhunsa ya cika da ruwa. Duk wanda ya shaƙe shi asibiti za a kai shi a kwantar, ko yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. A ramin kwal kuma ƙurar kwal ɗin kanta tana fashewa, ita ce ta kashe mutum 1,099 a ramin Kuriyar da ke ƙasar Faransa a 1906, kuma maganinta watsa garin farar ƙasa a bango da daɓe.

Injuna ba su da dogon bayani. Kafin a taɓa bel mai jan dutse ko injin niƙa, a kashe daga tushe, kowane mai gyara ya sa kwaɗonsa, makullin yana aljihunsa, sannan a danna maɓallin kunnawa a ga bai tashi ba. A sauke matsin mai da na iska, a tokare duk abin da nauyinsa zai iya saukar da shi. Yawancin hannuwan da bel ya ci, garin share ɗan laka ne "na minti ɗaya" yana tafiya. Direban babbar tifa ba ya ganin ƙaramar mota da ke gabansa ta dama, don haka ba a matsowa sai an yi magana da shi ta rediyo ya amsa. Tudun ƙasar da ke gefen hanya da wurin juye kaya ya kai tsakiyar tayar motar da ta fi girma.

Sabon zuwa wuri mai zafi yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu jikinsa ya saba, ana ƙara masa aiki kaɗan-kaɗan, haka ma wanda ya dawo daga hutu ko jinya. Ruwa kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, tun ƙishi bai zo ba. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi a cikin zafi, a jiƙa shi sharkaf ana yi masa fifita tun kafin mota ta zo.

Duk waɗannan na rana ɗaya ne. Abin da ke cin mahaƙa da yawa a hankali yake zuwa, kuma saurayi ɗan shekara ashirin ba ya jin maganar abin da zai same shi yana da arba'in. Ƙurar da ido ke gani tana tsayawa a hanci da maƙogwaro. Mai kisa ita ce wadda ba ta kai maikuron 5 ba (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙurar silika daga dutsen ƙanƙara da yashi, wadda ke wucewa har ƙarshen huhu. Jiki ya kasa narkar da ita, sai ya yi ta naɗe ta da tabo, huhu ya yi tauri. Wannan ita ce silikosis. Ba ta da magani, tana ci gaba ko an bar aikin, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Yawanci shekara 10 zuwa 20 take ɗauka, amma masu huda ko niƙa dutse a bushe cikin rufaffen wuri tana kama su cikin 'yan shekaru. A 2018 kamfanonin zinariya na Afirka ta Kudu suka amince su biya rand biliyan 5, kuɗin ƙasar, ga tsofaffin ma'aikatan da ta kama, da yawansu kuma sun riga sun mutu.

Maganin ƙura ruwa ne da iska, takunkumi na ƙarshe ne. A huda da ruwa, a jiƙa tulin dutse kafin a kwashe, a kai bututun iska kusa da inda ake aiki, a ɗinke shi in ya yage. Ba a share ƙura da tsintsiya a bushe, ba a kakkaɓe riga da iskar kwamfuresa. Ƙyalle ko takunkumin asibiti ba ya tare silika. Na gaskiya ma sai ya manne da fuska: a rufe matatar da tafin hannu a ja numfashi, in ya lotsa ya tsaya, ya zauna. Gemu yana hana shi mannewa, kuma amsar da ta dace ga mai gemu ita ce hula mai fanka da ke tura tatacciyar iska, wadda ba ta bukatar mannewa. Mai ramin da ya san aikinsa yana tanadar ta.

Kunne ma haka yake tafiya ba sallama. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara. Iyakar da ake ba da shawara ita ce desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 minti 15. Injin huda mai aiki da iska yana haura 110. Toshin kunne na soso sai an murza shi ya sirance, a zagaya hannu ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura, a riƙe daƙiƙa 30 ya kumbura. Wanda ake hango rabinsa a waje ado ne. Mai huda yana haɗa toshi da marufin kunne.

Masu ƙananan ramukan zinariya suna da nasu ƙarin. Ƙona curin zaiba da zinariya a fili, balle a ɗaki, yana tura tururinta huhu da ƙwaƙwalwa, hannu ya fara rawa, mantuwa ta shigo. Tukunyar ƙonawa mai murfi da bututu tana kama mafi yawan tururin ta dawo da zaibar, a buɗe ta bayan ta huce. A Zamfara a 2010 yara kimanin 400 gubar dalma ta kashe, saboda dutsen zinariyar yana ɗauke da dalma kuma a cikin gidaje ake daka shi. Darasin ya shafi kowane mahaƙi a ko'ina: dutse ba ya zuwa gida, kayan aiki ba sa zuwa gida, a yi wanka kafin a ɗauki yaro. Ƙasar da aka haƙo a zuba ta nesa da bakin rami, aƙalla mita ɗaya, don nauyinta ke karya gefen. Bayan ruwan sama a sake duba kome. Ginshiƙin dutsen da aka bari yana riƙe da rufi kuwa, ko zinariya tana ƙyalli a jikinsa, ba a taɓa shi. Rushewa da yawa daga nan suke farawa.

Wanda ya fi ba ni tsoro a aji shi ne mai shekara goma a rami. Sabo turken wawa. Ya wuce ƙarƙashin rufin da ba a tokare ba sau da dama bai ga kome ba, sai ya ɗauka ƙwarewa ce. In an yi magana ya ce, "Malam, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Ba na jayayya da shi a kan ƙaddara. Tambayarsa nake yi ko zai tura ɗansa wurin, kuma ban cika samun amsa ba. Sababbi daga irinsa suke koyon aikin gaske, mako biyu da shi ya isa ya goge awa 40 na aji, don haka tsofaffin hannu da fomanoni ya kamata a fara horarwa.

Yarjejeniya ta 176 ta ba ma'aikaci 'yancin barin duk wurin da yake da dalilin ganin akwai mugun haɗari, ba tare da an hukunta shi ba. A takarda wannan yana da sauƙi. A rami kuwa yaro ne zai dubi wanda ke rubuta masa kuɗin ƙarin aiki ya ce, "Oga, ba zan shiga ba sai an tokare." Muna gwada wannan a aji kamar yadda muke gwada gwangwani, ɗaya ya zama foman mai faɗa, ɗaya ya ƙi, har kalmomin su saba da bakinsa. Amma in ladan ma'aikata ya rataya a kan yawan tan kaɗai, ko ana raba kyauta don an yi kwana kaza "ba hatsari", mutane ɓoye rauni za su yi. Ramin da littafinsa na saura-ƙiris, inda ake rubuta hatsarin da ya kusa faruwa, yake fari fat, ba a faɗa ne. Dutsen da ya faɗo bai sami kowa ba ya kamata a rubuta shi, a je a duba, a gaya wa masu karɓar aiki kafin su shiga.

Ranar barin aiki ma tana cikin horon, ko da yake ba kasafai ake koyar da ita ba. Mahaƙi ya nemi a yi masa hoton ƙirji da gwajin hura iska da gwajin ji tun ranar ɗauka, a riƙa maimaitawa lokaci-lokaci, a yi na ƙarshe ranar tafiya. Ya karɓi kwafin kowanne, tare da takardar da ta nuna ramukan da ya yi aiki, irin aikin, da shekarun. Silikosis tana iya bayyana shekaru bayan an ajiye hula, lokacin kamfanin ya canza suna ko ya rufe, kuma ba a biyan diyya sai da hujja. In tari ya wuce mako biyu, ko numfashi ya fara gaza hawa ɗan tudu, ya je asibiti ya gaya wa likita tun a jimlar farko cewa ya yi aikin dutse, don a hoton ƙirji silikosis da tarin fuka suna kama da juna, kuma sau da yawa tare suke zuwa.